Gero, Ciwon Sukari da Kitsen Jini: Abin da Tarihin Ƙasar Jega Ke Nunawa

Akwai wata shawara da ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya haura shekara arba'in yake yawan ji a asibitocin Jega da Birnin Kebbi idan gwaji ya nuna sukarinsa ya hau: ya rage farar shinkafa da burodi, ya bar lemon kwalba, ya koma ga gero da dawa da acca. Sau da yawa mai karɓar shawarar ɗan manomi ne da ya tashi a Mungadi ko Andarai ko wani ƙauye na Aliero, ya sha furar gero ya tafi makaranta, ya kuma ɗauki ranar da ya fara ajiye buhun shinkafa a gidansa a matsayin shaidar ya rabu da talauci. Yau ga shi likita yana mayar da shi ga akushin da ya baro.

A wajen asibiti kuwa maganar ta zarce haka. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp suna cewa gero na warkar da ciwon sukari, yana wanke kitsen jini, kuma kakanni ba su san waɗannan cututtuka ba saboda shi. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma ƙari mai haɗari, domin wanda ya gaskata ƙarin yana iya ajiye maganinsa ya rungumi kofin kunu. Hanyar raba su ita ce bin tarihin hatsin: yadda aka ci shi a da, abin da ya sauya, da abin da bincike ya iya tabbatarwa.

Hatsin da ya girmi garuruwa

Gero ɗan asalin wannan yanki ne na Afirka. A kwarin Tilemsi da ke arewa maso gabashin Mali, masu binciken kufai sun tono tukwanen da aka cuɗa yumɓunsu da ƙaiƙayin gero na noma, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 4,500. Daga Sahel ne ya bazu zuwa gabashin Afirka, ya ƙetare teku zuwa Indiya tun fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Indiya, wadda a yau ta fi kowace ƙasa noma shi, aro ta yi.

Dalilin ɗorewarsa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Yana yi a jigawa inda masara ba ta kai labari, yana jure fari, yana kuma nuna cikin kimanin wata uku. Shi ne yake fara isowa gida a ƙarshen damina, lokacin da rumbun bara ya ƙare, dawa da maiwa kuma ba su nuna ba. Idan aka adana shi a zangarniyarsa cikin rumbu, yakan shekara fiye da ɗaya bai lalace ba. A Hausar yamma, ta Sakkwato da Kabi da Nijar, idan mutum ya ce hatsi ya yi shiru, galibi gero yake nufi.

Rubuce-rubuce ma sun san da shi. Ibn Battuta, wanda ya zagaya daular Mali a 1352 da 1353, ya ba da labarin wani abin sha da aka kawo masa na dakakken gero da ruwa da ɗan zuma ko nono, abin da kowane Bahaushe zai gane ɗan'uwan fura ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ta lissafa gero cikin abincin da ake fitar da zakkar fidda kai da shi. Ayarin Buzaye masu sauko da gishiri da dabino daga Bilma kuwa, gero suke lodawa su koma da shi hamada.

Tudu da fadama

Ƙasar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama tana cikin masarautar Gwandu, kuma tarihinta na ƙarni na 19 a haɗe yake da jihadi. A nan Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da dakarun Gobir suka kai masa a ƙarshen 1803 ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara. Kafin ƙarnin ya ƙare garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, zangon fataken da ke bi ta Borgu zuwa Gwanja sayen goro.

Abincin yankin ya bi tsarin ƙasarsa. A kan tudu ana noma gero da maiwa da dawa da wake. A fadamun gulbi ana noma shinkafa, kuma wannan ba sabon abu ba ne: jar shinkafar Afirka ta daɗe a kwarin Kabi kafin zuwan Turawa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya ga gonakin shinkafa a kwaruruwan yankin, ya kuma yaba albasar garin. Saboda haka ba daidai ba ne a ce shinkafa baƙuwa ce a Kabi. Sai dai wadda aka sani a lokacin ana turara ta da ƙaiƙayinta, a shanya, a surfa a turmi, ba ta yin fari fat, kuma ga mutanen tudu ba abincin kullum ba ce.

Abin da ya yi ƙaranci ƙwarai shi ne sukari. Zaƙin da talaka ya sani shi ne na zuma da rake da takanɗa da 'ya'yan itatuwa irin su ɗinya da kanya da ɗorawa, kowanne a lokacinsa. Sukarin Turai yana zuwa ne a dunƙule ta hanyar Tarabulus a kan raƙuma, kayan sarakuna da attajirai. Sunan cutar kansa shaida ne: ciwon sukari ko ciwon suga, ɗaya aro daga Larabci, ɗaya daga Ingilishi.

Abin da ke cikin ƙwarya

Idan ana maganar lafiya, yadda ake sarrafa hatsi ya kai hatsin kansa muhimmanci. Ƙwayar gero tana da mai fiye da ta dawa da shinkafa da alkama, kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinta, shi ya sa garinsa ba ya daɗewa sai ya yi ɗaci. Wannan ne ya ɗaure matan ƙasar Hausa ga turmi shekaru aru-aru. Kusan kowace rana sai an ɗebo dami an sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka, an tankaɗe.

Fura, ko hura a bakin mutanen yankin, ita ce abincin rana. Ana daka surfaffen gero da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a kirɓa, a mulmula, a bar dawon ya huce, sannan a dama da nonon da Fulani ke kawowa. Da dare a yi tuwo mai tauri da miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, da safe a ci ɗumame ko a sha koko. Akwai gumba, akwai dambu da ake cuɗawa da zogale ko rama.

Masana abinci na yau za su ga abubuwa da dama a wannan tsari. Surfen hannu yana cire dusa, amma ba ya cire ta duka. Dakan turmi yana barin gari da ɗan tsaki-tsaki, wanda hanji ke ɗaukar lokaci kafin ya narkar. Sitacin da aka dafa aka bari ya huce, wani ɓangarensa yakan ƙi narkewa da sauri. Tsamin nono da furotin da maiƙon da ke cikinsa suna jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ganye da wake suna ƙara abin da ke rage gudun sukari zuwa jini. Uwa uba, macen da ta yi dakan da namijin da ya yini a gona sun riga sun ƙona abin da za su ci. Tafiya kasuwa da ƙafa ce ko a kan jaki, ruwa kuma da guga ake jawo shi.

Ba su tsara wannan domin gudun wata cuta ba, halin zama ne ya kawo shi. Duk da haka tunanin haɗa ci da lafiya ba baƙo ba ne a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a can a 1829, ya bar littafi mai suna Masalihul Insan a kan maslahar addinin mutum da ta jikinsa.

Zamanin da bai kamata a yi wa ado ba

Cewa kakanni ba su san ciwon sukari ba magana ce mai buƙatar taka-tsantsan. Na farko, babu mai gwadawa. Babu asibiti, babu na'urar auna jini, kuma insulin kansa sai a 1921 aka gano shi a Toronto. Yaron da ya kamu da nau'in farko na cutar zai rame ya rasu cikin ɗan lokaci, a kira abin da wani suna. Na biyu, nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa, cuta ce da ta fi bayyana bayan shekara arba'in, kuma a zamanin da agana da zazzaɓi da yaƙi ke ɗauke mutane da wuri, ba kowa ke kaiwa wannan shekaru ba.

Na uku ita ce yunwa. Rashin ƙiba a ƙauye ba koyaushe zaɓi ba ne. Kowace shekara akwai watannin tsakiyar damina da aiki ya fi yawa, abinci ya fi ƙaranci. Bayan 'yan shekaru kuma sai babbar ta zo, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko farin da ya kai ƙololuwa a 1973. Jikin da ke rasa nauyi duk damina ba ya tara kitsen da ke hana insulin aiki. Babu mai hankalin da zai nemi a koma wannan hali domin maganin sukari.

Duk da waɗannan dalilai, likitocin farko da suka yi aiki a karkarar Afirka sun lura da ƙarancin cutar. Albert Cook ya rubuta daga Yuganda a 1901 cewa ba a cika ganin ta ba, amma idan ta zo tana kisa. Bayan shekara saba'in, wasu likitoci biyu da su ma suka daɗe a Yuganda, Denis Burkitt da Hugh Trowell, suka gina hujja a kan irin wannan lura: cewa cire dusa daga hatsi yana cikin abubuwan da suka yawaita ciwon sukari da ciwon zuciya a ƙasashen Turai. Littafinsu na 1975 ya taimaka wajen sa duniya ta fara ɗaukar dusa, wadda likitoci ke kira faiba, a matsayin abinci ba shara ba.

Yadda akushi ya juya

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Zamanin Turawa ya kawo kanti da shayi da sukari mai ƙwaya, mazarƙwaila ta yaɗu a kasuwanni. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, burodi ya kama hanyar zama karin kumallon birni. Sai kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 suka buɗe ƙofar shigo da abinci. Farar shinkafar waje ta cika kasuwa har gwamnatin Shagari ta kafa kwamiti na musamman a kanta a 1980. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun kira abin da ya faru tarkon alkama a littafinsu na 1985. Gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, amma harshe ya riga ya saba. Taliyar Indomie da ta shigo a ƙarshen shekarun 1980 ta tarar da kasuwa a shirye.

A ƙauye kuwa, injin niƙa ne ya fi kawo juyi. Ya 'yantar da mata daga aikin da ke cinye musu rabin yini, kuma wannan alheri ne da ba wanda zai musa. Amma injin surfe yana kankare ƙwaya fiye da taɓarya, injin niƙa kuma yana mayar da ita gari laushi kamar kwalli. Babur ya maye gurbin ƙafa da jaki. Sukari ya yi arha har ya zama ba a kawo wa baƙo fura ba tare da shi ba.

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 27 ga Agusta 1991, ta ɗaura sunanta ga shinkafa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwambar 2015. Shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas ta fito a Disambar 2016, aka buɗe babban injin WACOT a Argungu a 2017. Shinkafa ta kawo kuɗi a fadamun Jega da Suru da Argungu, kamar yadda albasa ta daɗe tana yi a Aliero. Gero bai samu irin wannan gata ba. Yana nan a gonakin tudu na Maiyama da Mungadi, ana noma shi da ruwan sama da takin gida, amma darajarsa a idon jama'a ta sauka. Nijar ce yanzu ke gaba a nomansa a Afirka ta Yamma.

Abin da gwajin jini ya nuna

Binciken ƙasa na cututtukan da ba a ɗauka, wanda Farfesa Oladipo Akinkugbe ya jagoranta a 1992, ya samu ciwon sukari a kashi 2.2 cikin 100 na manyan Najeriya. A 2018, Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka samu kashi 5.77. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3, Kudu maso Kudu mafi yawa da kashi 9.8.

Shaidar da ta fi kusa da ƙasar Jega ta fito ne daga Sakkwato. Dokta Anas Sabir na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsa sun gwada mazauna birnin Sakkwato da mazauna ƙauyukan jihar. A birni sun samu cutar a kashi 4.6 cikin 100, a ƙauye kashi 0.8. Jama'a ɗaya ce, asali ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki shida. Da suka auna kitsen jini, wato kolestarol, nan ma na 'yan birni ya fi yawa.

Akwai wani binciken da ke hana a ɗora komai a kan hatsi kaɗai. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin Fulani makiyaya a tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin da suke samu daga abinci daga maiƙo yake fitowa, irin na nono da man shanu, amma kitsen jininsu bai nuna haɗarin ciwon zuciya ba. Masu binciken sun danganta hakan ga yawan zirga-zirga da ƙarancin abin da suke ci gaba ɗaya. Abin da ke kare ɗan ƙauye, ke nan, tarin abubuwa ne, gero ɗaya ne daga ciki.

Gero a kan ma'auni

A 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin da ke nuna saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. Abin da ya tsaya a 55 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, daga 56 zuwa 69 matsakaici, daga 70 zuwa sama mai tsanani.

A 2021 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Dokta Seetha Anitha ta cibiyar ICRISAT, wadda ke da hedikwata a kusa da Hyderabad da reshe a Sadore kusa da Yamai da kuma ofis a Kano, suka tattara bincike 65 da aka yi a kan mutane. Matsakaicin makin dangin gero ya tsaya a 52.7, na farar shinkafa 71.7, na tataccen garin alkama 74.2. Masu ciwon sukarin da suka lizimci cin waɗannan hatsi sun samu raguwar kusan kashi 12 cikin 100 a sukarin da ake aunawa kafin karin kumallo, da kashi 15 a na bayan cin abinci. Nazari na biyu na wannan ayari, wanda ya haɗa bincike 19 da mutane kusan 900, ya nuna cin giram 50 zuwa 200 a kullum na tsawon mako uku zuwa wata huɗu ya rage jimillar kolestarol da kusan kashi 8, ya rage mummunan nau'insa da kusan kashi 10.

Waɗannan su ne alƙaluman da ake yaɗawa, amma ba a cika yaɗa sharuɗɗansu ba. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta haɗa hatsi iri-iri, da yawansu ba a noma su a ƙasar Hausa. A cikin wannan nazari, acca tana cikin masu ƙaramin maki. Geron da ake nomawa a Kebbi da kuma dawa suna ajin matsakaici. Sun fi farar shinkafa da burodi, amma ba su kai a ci ba awo ba, domin kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar gero sitaci ne, kuma sitaci sukari yake komawa. Yawancin binciken a Indiya aka yi su, da mutane kaɗan, cikin gajeren lokaci, da irin girkin Indiya. A kan kitsen jini kuma, shaidar da ta fi ƙarfi a duniya ta sha'ir ce da hatsin ot, masu dusar da ke narkewa a ruwa ta kama ruwan matsarmama a hanji, har hanta ta koma jan kolestarol daga jini domin yin wani. Dusar gero galibinta ba irin wannan ba ce, don haka tasirinsa a nan madaidaici ne.

Binciken da ya fi kama da akushin Bahaushe shi ne wanda Fatimata Cisse da Bruce Hamaker na Jami'ar Purdue suka yi a Bamako, aka wallafa a 2018. Sun samu tuwon gero da tuwon dawa da dambun gero suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankalin Turawa da taliya ke ɗauka kafin su bar tumbi. Manomin da ke cewa tuwon gero yana riƙe ciki, shinkafa kuwa kafin la'asar ta gudu, ya riga masana faɗin wannan.

Tuwo daban, kunu daban

A nan tarihi da kimiyya suka haɗu. Amfanin da aka auna yana tare da geron da ke kusa da yadda aka ci shi a da: mai sauran dusa, mai tsaki, mai kauri, tare da ganye ko wake ko nono, ba sukari. Yawancin geron da ɗan birni ke sha a yau ya yi nisa da haka. Gasarar koko da kunu ana jiƙa ta, a markaɗa, a tace da ƙyalle, a ba dabbobi dusar, abin da ya rage kusan sitaci ne zalla, kuma ruwa-ruwa ya fi saurin wucewa cikin hanji. Kunun zaƙi ana zuba masa tsiron shinkafa ko busasshen dankali, waɗanda ke farfasa sitacin ya koma sukari tun kafin a ƙara na kanti. Furar da ake markaɗawa a na'ura da yogot mai zaƙi da madarar gwangwani ta fi kusa da kayan maƙulashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum, wato ƙaramin cokali 12. Kofin kunu biyu da shayi ɗaya na iya cinye wannan kafin azahar. A watan azumi, lokacin da ake buɗa baki da kunu da ƙosai da lemo a zama ɗaya, abin ya fi tsanani ga mai ciwon.

Gero ba ya maye gurbin metformin ko insulin ko maganin kitsen jini. Mai shan waɗannan da ya sauya abincinsa yana buƙatar likita ya sani, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa da kima. Amfanin yana zuwa ne idan gero ya karɓi wurin shinkafa da burodi, ba idan an ɗora shi a kansu ba. Akwai kuma wani gargaɗi daga Darfur, inda bincike ya danganta dogaro ga gero kaɗai da yawan maƙoƙo a wuraren da aidin ya yi ƙaranci. Gishiri mai aidin, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993, shi ne kariya daga wannan.

Abin da ya rage a yi

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da cutar a Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba, kuma adadin zai kai miliyan 55 nan da 2045. Ga iyalin da ke Mungadi, inda ganin ƙwararren likita ke nufin tafiya Birnin Kebbi ko Sakkwato, ciwon da ya kai ga wankin ƙoda ko yanke ƙafa ko shanyewar ɓarin jiki yana iya cinye gona da shanu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin jini kafin karin kumallo da ya nuna 126 zuwa sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, alama ce da ke buƙatar a sake gwadawa a asibiti.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka mara wa Indiya baya har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 shekarar dangin gero. Kayan aikin cika wannan alkawari suna nan kusa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta irin gero a ƙasar. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega suna tsakiyar masu noma shi da masu shan sa. Tambayoyin da likitan yankin ke buƙatar amsarsu ƙanana ne, kuma ana iya auna su: nawa dawo ɗaya da nono ba sukari ke ɗaga jini, yaya tuwon surfen inji yake idan aka gwada shi da na surfen hannu, wane irin niƙa ne zai bar tsaki da dusa ba tare da an mayar da mata ga taɓarya ba.

Kafin a samu waɗannan amsoshi, akwai abin da ke hannun mai gida da uwargida. A ce wa mai inji ya sassauta surfe, kada kuma ya niƙa ya yi laushi sosai. A fifita tuwo da dambu a kan kunu, a yawaita miya da ganye a rage malmala, a dama fura da nono mai tsami a bar gwangwanin sukari a rufe. Ma'aikacin da likita ya mayar ga gero zai same shi a kasuwar Jega kamar yadda kakansa ya same shi. Tafiyar ƙafa da aikin gonar da kakan ya haɗa da shi kuwa, sai ya nemo madadinsu da kansa.